Jinin Mutum Ba Abin Wasa Ba Ne: Nasiha ga Matasan Ƙasar Haɗejiya

'Ya'yana da ƙannena, samari da 'yan mata na ƙasar Haɗejiya, na cikin birni da na Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kirikasamma da Guri.

Akwai tambayar da ke jiran kowannenku, ko ya so ko ya ƙi. Wanda ya gama kwalejin Binyaminu Usman ko jami'ar Kafin Hausa aka tura shi bautar ƙasa Inugu, zai ji ta a bakin abokin kwanansa a sansani. Yaron motar da ya raka lodin busasshen kifi zuwa Anacha zai gan ta a idon masu tare hanya. Wanda bai je ko'ina ba ma, wayar hannunsa za ta kawo masa ita har ɗaki: "Kuna cewa addininku na zaman lafiya ne, to su wane ne waɗannan masu yanka mutane suna kabbara?"

Na lura yawancinmu ɗayan biyu muke yi. Ko mu hau mai tambayar da zagi da tsinuwa, ya tafi yana cewa ai ga irinta nan. Ko mu maimaita masa cewa Musulunci addinin zaman lafiya ne, mu ja bakinmu mu yi shiru, kamar maimaitawar ita ce hujja. Mutumin da ya binne ɗan'uwansa bayan tashin bam, take ba ya gamsar da shi. Amsar tana bukatar sani, tana bukatar gaskiya ko da ɗaci, kuma kaso mafi tsoka nata da hali ake bayar da shi.

Fitinar a maƙwabta ta taso

Ku bi ruwan da ke wucewa ta gefen garinmu. Daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, ya ratsa Wudil da Ringim, ya iso mana, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri da Nguru, ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa, ya zarce Gaidam da Damasak har ya faɗa Tafkin Chadi. Kusan duk inda ruwan nan ya bi, fitinar Boko Haram ta taɓa wurin ko ta taɓa mutanensa. Muhammad Yusuf, wanda ya kafa ƙungiyar, asalinsa Girgir ne a ƙaramar hukumar Jakusko, wato maƙwabtanmu na ƙasar Bade. A ƙarshen 2003 wasu matasa suka ƙaurace wa jama'a suka kafa sansani a Kanamma, kusa da iyakar Nijar, suna cewa gari ya lalace, har suka far wa ofisoshin 'yan sanda. Mutane da yawa suka ɗauka ƙuruciya ce za ta wuce. A watan Yuli na 2009 Maiduguri ta rikice, aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, mabiyansa suka ɓuya, suka dawo da ƙeta wadda ta fi ta farko.

Ku dubi waɗanda suka mutu. Ranar 20 ga Janairu 2012, a wuni ɗaya, an kashe sama da mutum 180 a Kano. Ranar 25 ga Fabrairu 2014 aka afka wa ɗakunan kwanan ɗalibai a Buni Yadi cikin dare, aka hallaka yara maza 59. A watan Afrilun wannan shekarar aka kai hari Gwaram a nan Jigawa. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, jama'a sun yi sahu a Babban Masallacin Kano, bama-bamai suka tashi, aka bi masu gudu da harbi, sama da mutum 100 suka rasu. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi. Su ma Kiristoci an bi su har wuraren ibadarsu: Madalla ranar Kirsimetin 2011, da masu addu'a a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilu na 2012.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Koshebe, kusa da Zabarmari, ranar 28 ga Nuwamba 2020, domin manoman shinkafa ne irinmu. Duk wanda ya taɓa yankan shinkafa ya san yanayin: lauje a hannu, baya a sunkuye, ƙaiƙayi a wuya, zuciya tana lissafin buhun da za a samu da bashin takin da za a biya. A haka aka tattara su, aka ɗaure musu hannuwa, aka yi musu yankan rago. Gawa 43 aka yi wa sallah a rana ɗaya. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a Arewa maso Gabas, mafi yawansu ƙananan yara da yunwa da cuta suka kashe bayan an raba iyayensu da gonaki da asibitoci. Masuntanmu da suka saba cin rani a Baga da Doron Baga sun san asarar da suka yi, kasuwar kifinmu ma ta ji a jikinta.

Saboda haka abu na farko da za ku riƙe: mu ne muka fi kowa binne gawa a wannan fitina. Wanda ya ce Musulmi ne ke yaƙar sauran mutane, bai ƙirga kaburburan Yobe da Borno ba.

Abin da addinin ya hukunta

Malaman usulu sun ce Shari'a gaba ɗayanta ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta ɗora wa wanda ya kashe mutum ɗaya bisa zalunci nauyin kashe 'yan Adam baki ɗaya. Aya ta 8 a wannan surar ta hana mumini ya bar adalci don yana ƙin wasu mutane. Aya ta 256 a Suratul Baƙara ta hana tilasta wa kowa shiga addini. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda ba Musulmi ba matuƙar bai yaƙe ku ba, bai kore ku daga gidajenku ba. Imamu Buhari ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya kashe mutumin da ke da alkawarin amana da Musulmi ya yi nesa da Aljanna. Ɗan ƙabilar Ibo da ke sayar da kayan gyaran babur a kasuwarmu, da ma'aikaciyar jinya Kirista da aka turo asibitinmu, duk suna cikin wannan amanar.

Ku tuna Usama ɗan Zaidu, masoyin Annabi (SAW) ɗan masoyinsa. A fagen fama ya rinjayi wani mutum, mutumin ya furta kalmar shahada, Usama ya soke shi don yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi. Da labari ya isa Madina, Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa tuhuma, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba, har Usama ya yi burin a ce sai a ranar ya musulunta. A filin yaƙi ke nan, a kan wanda ɗazu yake ɗauke da makami. To ina ga manomi a gonarsa, ko ɗalibi a kan gadonsa?

Amma kada ku ce wa kowa babu yaƙi a Musulunci. Mai tambayarku ya karanta labarin Badar da Uhudu, zai kama ku da ƙarya, daga nan kuma ba zai sake yarda da ku ba. Akwai yaƙi, sai dai an ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsauri. Shekara 13 aka yi a Makka ana azabtar da Musulmi ba a ba su izinin ɗaga makami ba. Da izinin ya zo, aya ta 190 a Suratul Baƙara ta taƙaita shi ga masu yaƙar su, ta kuma hana ƙetare iyaka. Shugaban al'umma ne ke da ikon ɗaura yaƙi, ba kowane mai jin haushi ba. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham ya hana su taɓa mata da yara da tsofaffi da masu bauta a ɗakunan ibadarsu, ya hana sare itace mai 'ya'ya da kashe dabba sai don ci. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya karɓi sulhun da manyan sahabbai suka ga kamar an ƙware su. A shekara ta 8 ya shiga Makka da rinjaye, waɗanda suka kore shi suna tsaye a gabansa, ya yi musu afuwa.

Ciwon tsoho ne

Masu kafirta Musulmi su halatta jininsa ba yau suka fara ba. Tun zamanin Sayyidina Ali suka ɓulla, ana kiransu Hawarijawa. Ba mashaya ba ne, ba 'yan daba ba ne. Mutane ne masu yawan sallah da azumi da tilawa, goshinsu duk saba. Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana ɗayansu ya tsinci dabino ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka yi masa ca don bai biya ba, ya tofar. A wannan zaman suka kwantar da Abdullahi ɗan Habbab, ɗan sahabin Annabi, suka yanka shi a bakin ƙorama, suka farke cikin matarsa mai juna biyu, don kawai ya yabi Ali da Usman. Tsantseni a kan ƙwayar dabino, sakaci a kan jinin mumini: wannan ita ce alamarsu har gobe.

Sayyidina Ali bai fara da takobi ba. Ya tura musu Abdullahi ɗan Abbas ya zauna da su, ya saurari shubuhohinsu ɗaya bayan ɗaya ya warware, dubbai suka tuba suka dawo. Sai da sauran suka fara zubar da jini aka yaƙe su a Nahrawan, shekara ta 38. Shekara biyu bayan haka, cikin watan Ramadan, ɗayansu mai suna Ibnu Muljam ya sari Sayyidina Ali da takobi yana fitowa sallar Asuba a Kufa, yana ganin ibada yake yi.

Ku dawo gida ku gani. Malam Ja'afar Mahmud Adam, wanda ya daɗe yana gargaɗi a kan aƙidar Muhammad Yusuf, an harbe shi yana limancin sallar Asuba a Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu 2007. Malam Muhammad Auwal Albani Zariya, wanda ya yi ta warware hujjojinsu a karatuttukansa, an tare shi a hanya ranar 1 ga Fabrairu 2014 aka kashe shi da matarsa da ɗansa. Malamai ne suka fara tsayawa a gaban wannan fitina, su ne kuma aka fara nema. A duniya ma haka: a watan Satumba na 2014 malamai sama da 120 daga ƙasashe daban-daban suka rubuta wa shugaban ƙungiyar Da'ish buɗaɗɗiyar wasiƙa, suka rushe hujjojinsa da nassi. Idan aka ce muku malaman Musulunci sun yi shiru, ku ambaci waɗannan.

Darasi uku daga tarihinmu

Mu Haɗejawa ba a koya mana jarumta. Ranar 25 ga Afrilu 1906 rundunar Turawa ta taso daga Kano da manyan bindigogi ta tsaya a ƙofar birninmu. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya tsaya da mutanensa suka kare garinsu har aka kashe shi tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa. Shi ya sa har yau muke kiransa Mai Shahada. Ku lura da siffar abin: shugaba ne halattacce, maharan ne suka zo masa har gida, soja ya fuskanta da rana tsaka, bai bi kowa kasuwa ko makaranta ba. Duk wanda ya kwatanta muku wannan da ɗaura wa yarinya bam a tura ta tasha, ya ci mutuncin kakanninmu.

Na biyu, Sarki Buhari, wanda ya hau a 1848 ya rasu a 1863. Babu mai musun jarumtarsa, ya fatattaki rundunar da aka haɗo masa a Kaffur. Amma yaƙe-yaƙensa da Sakkwato da Kano da Katagum na sarauta ne, tsakanin masu alƙibla ɗaya, talakawa kuma su suka sha wuyarsu. Ba duk yaƙin da Musulmi ya yi ne jihadi ba. Mulki da dukiya da ramuwa suna sa mutum ya zare takobi, wani lokaci kuma ya yafa wa abin rigar addini.

Na uku, ƙasarmu tana kan iyakar daular Usmaniyya da Borno tun daga zamanin Sarki Sambo, wanda ya kafu a Haɗejiya a 1808. A waɗannan shekarun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana tuhumarsu: mutanen Borno suna sallah suna azumi, saɓon da ake gani a cikinsu akwai irinsa a kowace ƙasar Musulmi, saɓo kuma ba kafirci ba ne, wanda ya jahilta koya masa ake yi. Muhammadu Bello ya mayar masa da amsa da nasa hujjojin, sannan ya adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri, har da maganar abokin hamayyarsa. An gwabza a tsakaninsu, ba a ɓoye ba. Amma ku ga yadda kafirta Musulmi ta kasance magana mai nauyi a wurinsu, wadda sai manyan malamai sun baje littattafai a kanta. Shehu Usmanu da kansa ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya ilimin tauhidi dalla-dalla ba. Abin da waɗannan duwatsun ilimi suka yi taka-tsantsan da shi, yau yaro mai karatun wata shida a waya yana yanke shi kafin shayinsa ya huce.

Ta ina ɓaraka take farawa?

A daminar 2020 da ta 2022 kun ga yadda aka kwana a kan jinga don tare ambaliya. Buhun ƙasa yana tafiya daga hannu zuwa hannu, ana haska wa juna da tocila da fitilar waya, gidaje suna aiko da kunu da ƙosai, babu mai tambayar na kusa da shi ɗan Izala ne ko ɗan Ɗariƙa. Tsofaffin da suka san aikin kuwa ba tudun ruwan suke kallo ba. Gindin jingar suke bi suna duba ɗan tsiyayen da ke fitowa ta ramin gafiya, domin sun san idan aka bar shi zuwa asuba, babu buhun da zai tare shi. Tsattsauran ra'ayi haka yake shiga zuciyar yaro. Ba da bindiga yake farawa ba. Yau ya daina bin limamin unguwa, gobe ya ƙi cin yankan mahaifinsa, jibi ya kira yayansa ɗan sanda ɗagutu, gata ya yaga takardar shaidar karatunsa. Kafin a farga, jinin duk wanda ba ya cikin ƙungiyarsu ya halatta a wurinsa.

Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da ɗaruruwan mutanen da suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, har da Najeriya, ta fitar da rahoto a 2017. Kashi 57 cikin 100 sun amsa cewa ba su fahimci littafin addininsu ba, ko kuma kaɗan suka fahimta. Kashi 71 sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe shi ne wani abu da hukuma ta yi, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. A rahoton 2023 kuma, neman abin yi ne ya zo kan gaba a dalilan shiga. Wato jahilci, zalunci da zaman banza. Yawan karatun addini kariya ne. Guntun karatu ne ke kisa.

Yadda duniya ke kallonmu

Ba ƙarya ba ne, ana yi mana rashin adalci. Tun daga harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, laifin Musulmi ɗaya ake jinginawa ga Musulmi kusan biliyan biyu. Joseph Kony ya yi shekaru yana sace yara a Uganda da sunan dokokin Ubangiji, ba a ce laifin Kiristanci ba ne. An kashe Musulmi maza kusan 8,000 a Srebrenica a 1995, an kori Rohingya daga Myanmar a 2017, an harbe masallata 51 a Christchurch a 2019, babu mai hankalin da ya ɗora wa wani addini gaba ɗaya. Ku dubi rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma. Da mai gona da mai shanu duk sallah suke yi, sau da yawa a bayan limami ɗaya. Faɗan na burtali ne da mashaya da fadamar da ta tsuke tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Irin wannan faɗan idan ya faru a inda manomin ba Musulmi ba ne, sai a kai labari waje a ce yaƙin addini ne. Wannan mummunan zato yana kisa: a watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida Sallah, aka ƙone su.

Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ma akwai inda muka ba da ƙofa. A watan Satumba na 2006 an ƙona coci-coci da shaguna a Dutse kan zargin ɓatanci. A watan Mayu na 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Sakkwato suka ƙona gawarta, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya fito ya yi tir da abin. Babu wanda ya isa ya auna mana son Manzon Allah (SAW). Ya fi mana iyayenmu da rayukanmu. Amma Shari'ar da ya zo da ita ta ce zargi sai shaida, hukunci sai alƙali, zartarwa sai shugaba, azaba da wuta kuma an hana. Taron da ya ɗauki dutse da fetur ya take duk waɗannan. Mahaifiyar da aka kashe wa ɗa a Madalla ba ƙirƙirar tsoronta ta yi ba. Idan muna son a ji zafin Uromi, dole mu ji zafin nata.

Ga kuma wanda ya ba da amsar da ta fi kowace muhawara. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Filato, mahara suka koro mutane. Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai sama da shekara 80, ya buɗe gidansa da masallacinsa ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kiristoci. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya tsaya a ƙofa ya ƙi, ya ce sai dai su fara da shi. Waɗanda suka tsira a ranar, da 'ya'yansu da jikokinsu, ba sa bukatar kowa ya yi musu bayanin Musulunci.

Abin da nake roƙonku

Ku nemi ilimi a gaban malamin da aka san malamansa, aka san gidansa, aka san halinsa. Ƙasarmu cike take da tsangayu da zaurukan karatu da Islamiyyu. Ku fara daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ku bi a hankali. Muryar da ke zuwa muku ta WhatsApp ko Telegram, ba fuska ba suna, tana cewa duk malaman garinku 'yan gwamnati ne, ku ɓoye wa iyayenku abin da take koya muku, wannan ba malami ba ne. Gaskiya ba ta tsoron zaure. Idan shubuha ta shige ku, kada kunya ta hana ku kai ta gaban malami. Ku kuma haɗa da karatun zamani. Asibitocinmu suna bukatar likitoci mata, fadamarmu tana bukatar injiniyoyin ruwa.

Ku kame harshenku daga kafirtawa. Saɓani tsakanin Izala da Tijjaniyya da Ƙadiriyya ba sabo ba ne, malamai za su ci gaba da tattauna shi. Naku shi ne ku yi sallama, ku je jana'iza, ku duba mara lafiya. Kalmar "kafiri" ko "mushriki" da kuke rubuta wa mai sallah a Facebook, ita ce matakin farko na tsanin da Ibnu Muljam ya hau.

Kada ku shiga taron ɗaukar doka a hannu, ko a kan ɓarawon babur ne, ko a kan zargin ɓatanci. Idan kuka ji an yi ihu, ku nemi mai unguwa da liman da hukuma. Idan labari ya zo cewa an taɓa 'yan Arewa a Kudu, baƙon da ke kasuwarmu bai aikata ba. Ku zama ku ne masu tsaron shagonsa. Kafin ku tura hoto ko bidiyo gaba, ku tabbatar da asalinsa, domin wani tsohon abu ne daga wata ƙasa aka sake masa suna.

Fushinku a kan zalunci da rashin aikin yi gaskiya ne, ban ce ku haɗiye shi ba. Ku ba shi hanya. Malam Aminu Kano malamin tafsiri ne, ya yi shekaru yana fafatawa da azzalumai tun daga kafa jam'iyyar NEPU a 1950, an ɗaure mabiyansa an yi musu bulala, bai taɓa ba yaro makami ba, kuma talaka ya ci moriyar gwagwarmayarsa. Akwai ƙuri'a, akwai kotu, akwai ƙungiya, akwai alƙalami. Akwai kuma sana'a: noman rani, su, kiwo, ɗinki, gyaran injin ban-ruwa. Mai abin yi yana da abin da zai yi asara, shi ya sa ba ya saurin amsa kiran ɓarna.

Ku 'yan mata, ku kula da mai zuwa da maganar aure yana zuga ku ku bar makaranta ku bi shi "hijira" inda iyayenku ba su sani ba. An yi amfani da 'yan mata wajen kai harin bam a Kano a 2014, wasunsu ba su kai shekarunku ba. Gobe ku ne iyaye, kuma uwa ce ke fara ganin ɗanta ya canza tun kafin uba ya lura. Idan kuka ga aboki ko ƙani ya fara zamewa, kada ku yi masa dariya, kada ku guje shi. Ku ja shi a jiki, ku kai shi wurin mai ilimin da zai saurare shi da haƙuri, yadda Ibnu Abbas ya yi.

'Ya'yana, addininku ya haramta zalunci, ya tsare jinin Musulmi da na wanda ba Musulmi ba, ya halatta kare kai bisa ƙa'ida, ya fifita sulhu duk inda sulhu zai yiwu. Wannan shi ne hukuncin, kuma ba ya canzawa don wani ya saɓa masa. Sai dai mutane ba sa buɗe littattafanmu. Mu suke karantawa, a awonmu na kasuwa, da riƙon alkawarinmu, da yadda muke yi idan ranmu ya ɓaci. Ku zama mutanen da maƙwabci zai kwana da ƙofarsa a buɗe saboda ku ne a kusa da shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda wannan fitina ta ci, Ya mayar da waɗanda ta raba da gidajensu, Ya shiryi waɗanda suka ɓata. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, Ya tsare hannuwanku daga jinin bayinsa, Ya zaunar da ƙasar Haɗejiya da Jigawa da Najeriya lafiya. Amin.